Maraya a Dawa

Ɗan gada ko ɗan barewa da bai wuce 'yan kwanaki a duniya ba yana da wata ɗabi'a da ke yaudarar mai tausayi. Za a iske shi kwance a gindin sabara ko cikin ciyawar damina, ya naɗe ƙafafu ƙarƙashin ciki, ya shimfiɗa wuya a ƙasa, ya kwantar da kunnuwa, in ba don idon da ke ƙiftawa ba sai a ce gawa ce. Manomi ko makiyayi zai zo har kansa bai zabura ba. Mutumin ya duba gabas ya duba yamma, babu uwa babu alamarta, sai ya yanke cewa maraya ne, ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi gida. A can yara su yi masa caa, wannan ya shafa, wancan ya ja kunne, uwargida ta dama madarar gari ta ɗura masa da cokali. Kwana uku ko huɗu sai zawo, sai jiki ya yi sanyi, sai a wayi gari ya miƙe. Abin da mutumin bai sani ba shi ne uwar ba ta yi nisa ba. Haka waɗannan dabbobi suke renon 'ya'yansu: jaririn bai iya gudun tsira ba tukuna, warin jikinsa kuma kaɗan ne, don haka uwar takan ɓoye shi ta tafi kiwo, ta leƙo sau 'yan kaɗan a yini ta shayar da shi, ta sake janyewa don kada tsayuwarta ta nuna wa dila ko kura inda yake. Lamon nan da ya yi shi ne duk makaminsa. A gindin sabara yana da uwa, a kafaɗar mai tausayi ya zama maraya.

Maganar da nake so in kafa a nan ita ce, jinyar naman dawa da ya ji rauni ko ya rasa uwa sana'a ce mai ilimi da kayan aiki da tsada, kuma ma'auninta ɗaya ne: ranar da dabbar ta koma daji ta ci gaba da rayuwarta ba ta neman mutum. Duk abin da ya gaza wannan, ko da dabbar ta yi ƙiba ta yi sheƙi a tsakar gida, tsarewa ce da kyakkyawar niyya. Kuskuren ba na mutanen karkara ba ne su kaɗai, ba kuma rashin boko ne ke jawo shi ba. A gandun Yellowstone na Amurka, a watan Mayun 2016, wasu masu yawon buɗe ido sun ga jaririn ɓaunar can shi kaɗai, suka ɗauka sanyi yake ji, suka sa shi a bayan mota suka kai wa ma'aikata. An yi ta ƙoƙarin mayar da shi cikin garke abin ya faskara, ya koma tare motoci da bin mutane a kan titi, daga ƙarshe hukumar gandun ta kashe shi. A 2023 wani mutum ya sake taɓa wani jaririn a bakin kogi a wannan gandun, aka ƙare a wuri guda. Mu kuwa muna da tsohon darasi a kan wannan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wasu sahabbai sun ɗebe 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai, da Annabi (SAW) ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Umarnin mayarwa ne, ba a ce a je a rene su da kyau ba.

To yaya za a bambanta maraya na gaske da wanda uwarsa ta je kiwo? Alamomin ba su da wuyar gani ga wanda ya tsaya ya duba. Jini, karyayyar ƙafa ko fiffike da ke reto, ƙudaje da tsutsa a jiki, sanyin jiki, ido da ya faɗa, kuka ba ƙaƙƙautawa na tsawon yini yana yawo ba ya kwanciya, gawar uwa a kusa, ko kuma kare ko kyanwa ce ta kawo shi a baki: wannan yana bukatar hannu. Wanda yake kwance lafiya, cikinsa a cike, sai a ja da baya sosai, a kore karnuka, a dawo bayan wasu sa'o'i. Haka abin yake ga tsuntsaye. Ɗan tsuntsun da gashi ya rufe shi, yana tsalle a ƙasa bai iya tashi sosai ba, koyon tashi yake yi, iyayensa na kan reshe suna kawo masa abinci. Wanda yake tsirara ko da ɗan gashi-gashi, sheƙa ya faɗo, kuma maganinsa a mayar da shi sheƙar. Zancen da ake yi cewa uwa za ta ƙi shi in ta ji warin hannun mutum ba shi da tushe a wajen tsuntsaye.

Amma akwai marayu na gaske, kuma a kansu ne ake gane cewa tausayi shi kaɗai ba ya shayarwa. Babu misalin da ya fi na 'ya'yan giwa a Kenya. David Sheldrick shi ne shugaban farko na gandun Tsavo ta Gabas tun daga 1948, matarsa Daphne kuma ita ake kai wa duk wani ɗan dabba da mafarauta ko fari suka raba da uwarsa. Ta reni ɓauna da karkanda da ire-iren barewa sun rayu, amma jariran giwa suna ta mutuwa a hannunta ɗaya bayan ɗaya. Giwa takan ɗauki ciki wata 22, ta haifi ɗa mai nauyin kusan kilo 100, wanda ba ya iya rayuwa ba nono sai ya kai shekara biyu, yakan kuma ci gaba da tsotso bayan haka. Matsalar tana cikin kitse. Kitsen nonon saniya daban ne da na giwa, cikin jaririn ba ya iya narkar da shi, sai zawo ya kama shi ya tsiyaye. Daphne ta yi shekaru tana gwada wannan ta gwada wancan, tana rage kitse jariri ya rame, tana ƙarawa ya yi gudawa, kafin ta gano cewa man kwakwa ne ya fi kusa da kitsen nonon giwa, ta haɗa shi da madarar jariran mutane, kuma gaba ɗaya sai da ta shafe kusan shekara 28 kafin ta gama daidaita haɗin da tsarin renon. A tsaya a yi tunani a kan wannan adadi. Matar da aka haifa a Kenya, take zaune a tsakiyar gandu, mijinta masanin giwaye, ta ɗauki kusan shekara talatin kafin ta daidaita abin sha da reno. Wanda ya tsinci ɗan dabba yau da hantsi, ya dama masa madara da azahar, caca yake yi da ran da ba nasa ba.

Da aka fara shawo kan madara sai wata matsala ta fito wadda ba ta shiga kwalba. A 1974 an kawo wa Daphne wata jaririyar giwa daga yankin Marsabit, aka sa mata suna Aisha, kuma ita ce ta fara ɗaukar sabon haɗin ta rayu na watanni. Ta shaƙu da Daphne, ba ta yarda da kowa sai ita. Da Daphne ta yi 'yar tafiya don hidimar auren 'yarta, Aisha ta ƙi cin komai, ta yi ta ramewa, uwar riƙon ta dawo ta tarar da ita a bakin mutuwa, ba ta kuma tashi ba. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma a nan sabon ne ya yi kisa. Daga wannan aka sauya tsarin reno baki ɗaya. A gidan renon da gidauniyar Sheldrick ke gudanarwa a gefen gandun Nairobi, wadda aka kafa a 1977 bayan rasuwar David, masu reno suna karɓa-karɓa ne don kada ɗan giwa ya rataya ransa a kan mutum ɗaya. Kowane jariri yana da ɗakinsa, mai reno yana kwana a ciki tare da shi a kan wani gado da aka kafa sama, yana tashi duk bayan awa uku ya ba shi madara. Da sanyin safiya a ɗaura masa bargo saboda ciwon huhu, da rana a riƙa masa laima a shafa masa mai a kunnuwa, domin a dawa inuwar cikin uwarsa ce ke tare masa rana. Wasu ma ba sa karɓar kwalba sai an rataye bargo a gabansu sun jingina hancinsu a jiki, kamar yadda za su jingina da cikin uwa. Bayan shekara biyu ko uku a kwashe su a mota zuwa sansanonin gidauniyar da ke Voi ko Ithumba ko Umani Springs, inda za su riƙa fita daji da rana suna cuɗanya da giwayen dawa, su dawo da dare, har ranar da ɗaya zai ƙi dawowa. Wannan mataki yakan ci shekaru masu yawa, kuma dabbar ce ke yanke lokacin. Daphne ta rasu a 2018. Gidauniyar ta reni marayun giwa fiye da 300, amma adadin da ya fi shi nauyi shi ne na jarirai fiye da 50 da tsofaffin marayun suka haifa a dawa. Wasu uwayen sukan ratso daji su kawo jaririn wurin tsofaffin masu renonsu, su ɗan tsaya, su juya.

Sabo yana da wata fuskar kuma, wadda ta fi kusa da mu. Ɗan biri yana da daɗin kallo yana ƙarami: ya maƙale a wuya, ya karɓi gyaɗa da hannu kamar yaro. Shekara huɗu ko biyar sai ya balaga, fiƙoƙi su fito, ya ciji yaron gida, a ɗaure shi da sarƙa a ƙugu a gindin darbejiya, inda zai ƙare kwanakinsa yana kai da komo a taku uku. Namijin barewa da aka rena da hannu ba ya tsoron mutum, ranar da ya ji ƙarfi kuwa ƙahonsa ba wasa ba ne. In an gaji an kai shi daji an saki, ba a yi masa gata ba: bai san abin da ake ci ba, bai san abin da ake gudu ba, ya ga maharbi sai ya nufe shi yana neman abinci. Saboda haka ne ƙwararru suke ɓoye kansu daga abin da suke reno. Lokacin da wata babbar ungulu ta Kalifoniya ta ragu zuwa 27 kacal a 1987, aka kama su duka don a hayayyafa su, masu kula da 'yan tsakin suna ciyar da su ne daga bayan labule da wata safar hannu da aka yi mata siffar kan uwar, don kada tsakon ya tashi yana ɗaukar mutum a matsayin danginsa. An fara sakinsu a 1992, yau sun haura 500. Ga kuma ɗankunya, wanda ba ya cin komai sai tururuwa da gara, yawanci ba ya karɓar abinci a kwano. Masu jinyarsa sai sun ɗauke shi kullum sun kai shi daji sun bi shi a baya na sa'o'i yana tonon abincinsa. Wane magidanci ne zai iya wannan a kan noma da kasuwa?

A nan mai karatu zai iya cewa, duk mun ji, amma Nairobi ba Kazaure ba ce. In na tsinci shaho da karyayyen fiffike a bayan gari, wa zan kai wa? Wannan ƙorafi gaskiya ne, ba zan kuma rufe shi da kalamai ba. Cibiyoyin jinyar namun dawa da aka sani a Nijeriya sun fi yawa a kudu, a Kalaba da Legas. Gidan zu kuwa aikinsa daban: an gina shi don a ajiye a nuna, dabbar da ta shiga da wuya ta fito. Duk da haka rashin cibiya bai zama rashin kowa ba. Akwai likitan dabbobi a asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma, akwai malaman daji da ma'aikatar muhalli ta jiha, akwai ma'aikatan gandun Yankari da Kamuku da Kainji da Gashaka-Gumti ga wanda yake kusa da su, akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. A Nijar kuma akwai ma'aikatan gandun daji. Wayar hannu ta rage tafiya: hoto ɗaya da bayanin wurin da aka tsinci dabbar sun ishi masani ya faɗi abin da za a yi. Kafin a same shi, abin da ake bukata kaɗan ne, kuma kusan duk hani ne. A jefa wa dabbar tsumma a kai don ta natsu, a sa ta a kwali mai huji, a ajiye a wuri mai duhu da shiru da ɗumi, nesa da yara da karnuka. Kada a ɗura mata ruwa ko madara, domin dabbar da ta galabaita takan shaƙe abin ya gangara huhu. Kada a bi barewa da gudu don a kama a yi mata magani, domin tsananin firgici da guje-guje suna lalata naman jikinta su taɓa ƙoda, ta mutu bayan kwana ɗaya ko biyu ba tare da wani rauni a waje ba. Jemage kuwa, da dila ko wani mai cizo da ya zo wurin mutane yana layi ba ya tsoro, kada a taɓa shi ko kaɗan, saboda ciwon haukan kare ba shi da magani in ya bayyana. A kuma riƙe ainihin wurin da aka ɗauko ta, domin can ya kamata ta koma.

Akwai kuma mai tausayin da ke aiki da aljihu. Ya ga ɗan biri ko aku a keji a kasuwa, abin ya taɓa masa zuciya, ya biya kuɗi ya saya don ya cece shi. Wanda ya sayar ya samu riba, gobe zai aika a kamo wani, kuma ɗan biri ba a kama shi sai an harbe uwar da yake maƙale a cikinta. Wannan ne ya sa Pandrillus, ƙungiyar da Liza Gadsby da Peter Jenkins suka kafa, ba ta biyan ko kwabo a kan dabba. Waɗannan Amurkawa biyu sun shigo Nijeriya a 1988, suka tarar da wani biri mai baƙar fuska, ɗan'uwan bika, wanda Turawa ke kira diril, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai jihar Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. A 1991 suka buɗe gidan reno a Kalaba da marayu biyar, daga baya suka kai garkunan gindin dutsen Afi, inda suka hayayyafa suka kai ɗaruruwa. Duk wanda ya shigo, ko dai mai shi ne ya miƙa shi don kansa, ko hukuma ce ta ƙwace. A can Kamaru, cibiyar Limbe da suka buɗe tare da gwamnati a 1993 ta taɓa karɓar aku fiye da 1,000 da aka kama a filin jirgin Duwala a ƙarshen 2007. Da danƙo ake kama aku, a kuma yanke masa gashin fiffike, don haka da yawa sai da aka jira sabon gashi ya fito kafin a sake su. Tun 2017 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta haramta cinikin akun dawa tsakanin ƙasashe. Akun da ke gaida baƙi a zaure, in dai daga dawa aka kamo shi, daga irin wannan ayari ya tsira.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi a wurinmu shi ne na talauci. A ƙasar da jariran mutane ke mutuwa da tamowa, wane irin hankali ne a riƙa dama wa ɗan giwa madara duk awa uku? Ban raina wannan tambaya ba, kuma wanda ya amsa ta da wa'azin son dabbobi bai amsa ba. Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga makiyaya. A yankin Samburu na arewacin Kenya, mutane sukan haƙa rijiyoyi a busasshen kogi don shayar da dabbobinsu da rani, da dare giwaye su zo sha, jarirai su zame su faɗa. A da, sai dai a bar su su mutu ko a ɗauke su a jirgi zuwa Nairobi. A 2016 al'ummar yankin Namunyak suka buɗe nasu gidan renon, Reteti, mallakarsu, ma'aikatansa 'ya'yansu ne maza da mata, mutanen da suka tashi da sanda a bayan awaki. Da annobar korona ta zo a 2020 madarar gwangwani ta yi wuyar samu, sai suka gwada nonon akuya, ya karɓi jariran, ya kuma fi araha. Tun daga nan ɗaruruwan matan Samburu ke sayar wa gidan renon nono kullum, kuɗin yana shiga hannunsu kai tsaye. Kuɗin da ke tafiyar da irin waɗannan wurare yawanci gudummawa ce ta masu son dabbobi daga waje, wadda in ba a kashe ta a nan ba, ba asibitin ƙauye za ta tafi ba. Ga kuma lafiyar mutane ita kanta. Biri da ɗan Adam suna musayar cututtuka ta kowane ɓangare, shi ya sa cibiyoyi ke killace sabon zuwa na watanni suna gwada shi. Birin da ke cin abinci a kwano ɗaya da yaran gida bai taɓa ganin wannan gwaji ba.

Masana kiyaye halittu suna da nasu ƙorafin, ya kuma fi na baya kaifi. Suna cewa ceton dabba ɗaya-ɗaya yana faranta rai amma ba ya ceton jinsi. Kuɗin da za a kashe a reni ɗan giwa guda na shekara goma zai biya masu gadin daji da yawa, waɗanda za su hana a harbi uwaye tun farko. A wurare da dama suna da gaskiya, kuma rigakafi ya fi magani. Kurciya ɗaya da aka ɗaure wa fiffike ba ta ƙara komai a yawan kurciyoyin duniya ba. Sai dai lissafin yana juyawa idan jinsin ya yi ƙaranci. A watan Yunin 2000 jirgin ruwa mai suna Treasure ya nutse kusa da Cape Town, mai ya malala ya shafi tsuntsayen fengwin na Afirka kusan 19,000. Ƙungiyar SANCCOB da dubban masu sa kai suka wanke su ɗaya-ɗaya, kusan kashi 90 cikin 100 suka koma teku, a lokacin da wannan adadi babban kaso ne na duk jinsin. Sannan akwai abin da masu wannan ƙorafi kan tsallake: doka ba ta aiki in babu inda za a kai abin da aka ƙwace. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an yi mata gyara a 2016. Amma jami'in kwastan ko malamin daji da ya tare mota da ɗan biri mai rai a buhu, in bai san inda zai kai shi ba, ofis zai ajiye shi ya mutu, ko ya kau da kai ya bar motar ta wuce. Gidan reno shi ne ke ba shi ƙarfin halin ƙwacewa.

Inda masanan suka fi gaskiya shi ne batun wurin saki. Birai na dutsen Afi sun hayayyafa, amma mafi yawansu har yanzu a cikin shingen daji suke, domin sakin dabba a dajin da ake farauta ciyar da maharbi ne. Marayun Tsavo sun yi nasara ne saboda akwai Tsavo, fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 20,000 da masu gadi. A arewacin Nijeriya giwayen Yankari ba su wuce 100 zuwa 150 ba, kuma abin da zai yi musu amfani yau shi ne sintiri da zaman lafiya da manoman da ke kewaye, kafin a zo maganar kwalba da bargo. Akwai kuma hukuncin da ba wanda yake son yankewa. Shahon da fiffikensa ya mutu ba zai sake farauta ba, gadar da tarkon waya ya cinye wa ƙafa har ƙashi ba za ta tsere wa kare ba. Cibiyoyi na gari sukan duba su ce wannan ba zai koma ba, su zaɓa tsakanin ajiye shi har abada da hutar da shi cikin sauƙi, kuma sau da yawa na biyun ne ya fi rahama. Wannan ma wani dalili ne na miƙa dabba ga likita, domin wanda ya tsince ta ya riga ya sa mata suna, ba zai iya ganin abin da likitan zai gani ba.

Wani abu game da Reteti ya cancanci a ambata, don ba ya fitowa a hotunan da ake yaɗawa na jarirai da kwalabe. In labari ya zo cewa ɗan giwa ya faɗa rijiya, ma'aikatan ba sa fiddo shi su sa a mota su wuce. Sukan ciro shi, su duba raunukansa, su ba shi ruwan gishiri da sukari in ya galabaita, sa'an nan su zauna da shi a nan bakin rijiyar. Giwaye sukan dawo wurin da suka rasa ɗa, galibi da dare. Mutanen sukan kwana a wurin, wani lokaci fiye da dare ɗaya, suna sauraron karyewar rassa daga cikin duhu. In garken ya iso sai su janye su bar jaririn ya yi kuka uwar ta ji. Sai an tabbatar ba mai zuwa ne ake kiran mota.